Inda Muka Ɗaure Jirgin Baba

Zuwa ga Yaya Beryl,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Clive da yara, Allah ya sa zafin Perth bai takura muku ba. Mu nan Birmingham sanyi ya shigo da ƙarfinsa. Maigidana Norman yana nan da ciwon bayansa da mitarsa, 'yarki Heather kuwa ta samu aikin da take nema a Coventry, mun gode Allah.

Na san labarin Baba kike jira. Likitoci sun sa ranar yi masa aikin zuciya, sun kuma gaya mini ƙiri-ƙiri cewa jinkiri hatsari ne. Amma kin san ubanki. Ya kafe, wai ƙafarsa ba za ta taka asibiti ba sai ya ga jirgin ruwansa da yake zaune a ciki a ɗaure inda hankalinsa zai kwanta. Na ce masa jirgi fa ƙarfe ne da katako, sai ya harare ni ya ce a cikin ƙarfen nan aka yaye ni, yau kuma na zauna gidan bulo na waye. Yaya, tsoro na ji sosai, don na san ba wasa yake yi ba.

Haka muka shiga zagaya hanyoyin ruwan gari, yana riƙe da sitiyari yana haki, ni ina buɗe ƙofofin ruwa, waɗanda ake cikawa ko a zubar da ruwansu don jirgi ya hau sama ko ya sauka ƙasa. Matsayar jirage ta haya a cike take, wai mu dawo da bazara. A tsakiyar gari akwai zoben ɗaure igiya masu kyau, amma ba a barin jirgi ya daɗe, ga mashaya da ke kwance igiyar mutane don wasa. Wani wuri na gani gefen gada, shiru, har na fara murna, sai Baba ya nuna mini fasassun gilasai a ƙasa, ya ce na tagar jirgin wani ne. Gaba kaɗan kuma ƙasar ta yi laushi, ya ce in jirgi ɗaya ya wuce da gudu, turken igiyar zai tuge.

Muna dawowa jiki a sanyaye sai ga Gwaggo Doreen, mai sayar da gawayi a jirginta, wadda ke ɗaurewa bayan tsohuwar masana'anta. Kin tuna ita da Baba ba sa ga maciji tun muna 'yan mata, tun ranar da Baba ya cika wata ƙofa da ruwa zai shiga, ita kuma ta ɓullo daga ƙasa ta zubar masa da ruwan ta riga shi wucewa. To, tun daga nesa ta ɗaga murya, wai ta ji labari tsohon taurin kai zai kashe kansa saboda jirgi, ya yi sauri ya mutu ta karɓe jirgin ta shafa masa fenti ruwan hoda. Baba ya ce gara ya nutsar da shi da hannunsa, ɓarauniyar ruwa kawai. Ta ce ta ji, ya zo ya ɗaure a jikin nata ta wajen ruwa, duk ɓarawon da ke son jirginsa sai ya fara tsallake ta ita da karenta. Ya ce ɗaurin igiyarta ko akuya ba zai riƙe ba. Ta ce ai yana da hannu, ya ɗaure da kansa. Yana gunaguni ya ɗaure.

Da ya sunkuya zai kashe murhu sai ta hana shi. Ta ce jirgin da ba ya hayaƙi da sanyi, kowa ya san ba mutum a ciki, ya bar mata wutar ta riƙa ƙara gawayi safe da yamma. Yaya, tun rasuwar Mama ba wanda ya taɓa murhun nan sai shi, ko ni ba ya bari. Sai ya ciro makullin jirgin ya miƙa mata, ya ce murhun ba ya son a cika shi, Mama Hilda kaɗan-kaɗan take sa masa. Gwaggo Doreen ta ce ta sani, ai ƙawarta ce. Ni dai fita na yi na share hawayena. Lallai da tsohuwar zuma ake magani.

Yanzu yana gidana. Jiya ya matsa sai na kai shi kan gada a mota, muka hango hayaƙi na tashi daga jirgin. Ya ce matar nan ta cika gawayi, zai zo ya same ta. Daga nan ya ce mu biya kanti in saya masa rigar barci, ba zai kwanta gaban likitoci da tsohuwa ba. Mako mai zuwa za a yi aikin. Ki sa shi a addu'a, ki kuma kira shi kafin ranar, yana son jin muryarki ko da ba zai faɗa ba.

Ki gaida Clive, da Rowan da Tessa, da surukarki Iya Joyce. Norman da Heather suna gaishe ku. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri, mu da Baba gaba ɗaya.

Ƙanwarki mai kewarki,
Glenys