Asibitin Ƙarƙashin Tebur

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa, tare da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da abokan aikinki na asibiti. Allah ya ƙara miki juriya, ya dawo mana da ke lafiya. Mu nan lafiya lau muke. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma faɗan da ta saba, Kawu kuma yana nan a shagonsa na kafinta, kullum kansa fari fat da garin katako.

Saƙonki ya iso ni, cewa in cire Auta daga ajina in kai ta makarantar nan ta bayan tasha, inda yara ke cika littafi da rubutu tun suna shekara uku. Na san Gwaggo ce ta gaya miki yarinya tana dawowa da yashi a ka da jiƙaƙƙiyar riga, babu ko aikin gida. Wallahi ba ta yi ƙarya ba, ni ce mai wankin ai. Amma ki saurare ni tukuna, tunda 'yarki ce, hukuncin kuma naki ne.

A farkon zangon nan shugabar makaranta ta ba ni izini in fitar da bencuna in raba ajin kusurwa-kusurwa. Na sa yashi da ruwa a bakin ƙofa saboda shara da goge ƙasa, da kofuna manya da ƙanana, yara su yi ta awo suna gane wanne ya fi ci. Kawu ya ba ni guntayen katako ya goge musu kaifi, suka zama kayan gini. Littattafan hotuna na kai su can lungu kan tabarma, nesa da masu gini, domin idan bene ya rushe sai ka ce kasuwa ta tashi. Na gama ina ta yaba kaina, amma yara suka ƙi taɓa rabin kayan. Kawu da ya zo gyara ƙofa ya yi min dariya, ya ce ai kantocin da na jera kayan a kai daidai tsayina na sa ya kafa su, ba daidai tsayin masu ajin ba. Washegari da sassafe na durƙusa na zaga ajin da rarrafe don in ga abin da suke gani. A haka shugaba ta shigo ta same ni, ta tambaya ko wani abu ne ya faɗi. Kunya kamar in nutse!

Yaya, akwai abin da muka ɓoye miki don kada hankalinki ya tashi. Tun da kika tafi, Auta ta daina magana a makaranta. Da ta shigo sai ta shige ƙarƙashin babban tebur ta zauna har a tashi. Na yi lallashi, na yi faɗa, na jawo ta da hannu, duk a banza, har kuka na sha yi a hanyar gida. Ranar rarrafen nan na shiga wurin nata na zauna, na ga ba abin da ake hange daga can sai ƙofa. Ashe ƙofar take gadi.

Sai na fasa fito da ita. Na lulluɓa tsohon zanen gado a kan teburin, na shigar da kwali a matsayin gadon majinyaci, da tsummoki na bandeji, da guntun tiyo da na liƙa wa mazurari don sauraren ƙirji. Na sanar wa yara an buɗe asibiti. Da farko kallonsu kawai take yi suna shiga suna fita. Amma kin san jininki ne, ba ta iya ganin aiki a karkace. Wani yaro ya ɗaura wa 'yar tsana bandeji a ido, ta fizge ta ce masa ba haka ake yi ba. Wannan ce maganarta ta farko a ajin tun tafiyarki.

Yanzu ita ce babbar nas. Tana jera majinyata a layi, tana ƙirga su, tana yi musu 'yan zane-zane a takarda wai magani ne, kuma na fara ganin harafin farko na sunanta a ciki. Daga nan ta fara leƙa wurin ruwa, wai za ta wanke hannu kafin aiki, shi ne asalin jiƙaƙƙiyar rigar. Makon jiya aka kawo sabon yaro yana ta tsala ihu uwarsa ta tafi. Kafin in isa, Auta ta kama hannunsa ta kai shi asibiti, ta sa masa tiyo a ƙirji, ta ce masa ya yi haƙuri, mama tana tafiya amma tana dawowa, ita ma tata haka ce. Da muryarki sak ta faɗa. Sai da na fita waje na share ido.

Don haka nake roƙonki, ki bar min ita har ƙarshen shekara. A can bayan tasha benci za a ba ta a ce ta yi shiru, ita kuwa shirun ne muka samu ya rabu da ita da ƙyar. Rubutu yana nan tafe, sannu ba ta hana zuwa. In kin dawo kin gani da idonki ba ki gamsu ba, ni da kaina zan kai ta.

Inna tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci a kan lokaci. Kawu da Gwaggo suna gaisuwa, haka ma maƙwabciyarmu mai ɗinki. Auta kuwa na tambaye ta ko tana da saƙo, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce in gaya miki tana kan aiki, za ta kira ki in ta tashi.

Taki har kullum,
Ƙanwarki malama