Abin da Salwa Ta Faɗa a Laburare

Greensboro,
12 ga Oktoba.

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata, Yaya Dalila,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Malam da yara. Yaya ƙafar Inna, ta saki kuwa? Ki ce mata man zafin yana nan tafe. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara leƙowa, ganyen bishiyoyi duk ya yi ja yana zuba.

Kin tambaye ni a waya yadda maganar yaron nan ta ƙare, na ce sai na rubuto, don 'yata Salwa tana kusa da ni a lokacin. To ga yadda aka yi.

Ranar Asabar da aka tashi daga Islamiyya, Hajiya Bebi ta fito tana neman autanta Yahya, ɗan shekara shida, ba a gan shi ba. Ni kuwa ina zaune a mota ina jiran Salwa na ga yaron ya shiga motar wani mutumin Nijar, Zabeirou, wanda sana'arsa kai yaran mutanenmu makaranta da ɗauko su. Yahya ba ya cikin yaran da yake ɗauka. Mutumin kuma ba mai shiga jama'a ba ne, gaisuwa kawai ya wuce. Yaya, ke kin fi kowa sanin abin da ke zuwa zuciyata idan aka ce yaro ya ɓata, tun da aka tare Abdurrahim ɗinki a hanyar Funtuwa. Nan take na yi saƙon murya a guruf ɗinmu na mata, wanda na turo miki, na faɗi sunansa da launin motarsa, na ce shi ya sace yaron. Wata ta sa hotonsa. Hajiya ta kira 'yan sanda.

Ashe Alhaji, uban yaron, shi ya roƙe shi ya ɗauko masa shi, bai gaya wa Hajiya ba, ya shiga aiki a sito inda ba a barin su da waya. An tarar da Yahya a gidan Zabeirou can Gate City Boulevard yana cin shinkafa da wake. Sai dai kafin a samu Alhaji, an riga an fito da mutumin da ankwa a gaban maƙwabta da matarsa Ousseina. Kafin magariba aka sake shi.

To alhamdu lillahi, yaro yana gidansu. Wasu suna ta ƙananan maganganu, amma ni abin da idona ya gani na faɗa. Da sace shi aka yi fa, na yi shiru? Abban Salwa da ya dawo daga tuƙi bai ce komai ba, sai cewa da na fara kiran mutumin, tunda ana da lambarsa. Shi da ba ya wurin.

Ita kuwa Salwa ta tsiri shiru. Kullum tana ɗaki da wani littafi da aka ba su a ƙungiyar karatu ta laburare. Na leƙa bangon, wai labarin shari'ar satar jariri ne. Na ce duk littattafan duniya a rasa na ba 'yar shekara goma sha uku sai wannan? Za su yi taro wata mai zuwa, kowane yaro ya faɗi ra'ayinsa a gaban iyaye. Zan je in ba ta kunya da tafi.

Ki gaishe da Inna da kyau, da Abdurrahim da amaryarsa.

Taki ƙanwa,
Rahina.

Greensboro,
16 ga Nuwamba.

Yaya Dalila,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Na ji daɗi da kika ce Inna ta fara takawa har tsakar gida, Allah ya ƙara sauƙi. Ki yi haƙuri da rashin ɗaga wayarki kwanan nan. Ba aiki ba ne kamar yadda na ce miki. Ban san da wace murya zan yi magana ba ne.

Mun je taron laburaren. Kafin a fara, malamarsu, wata Baturiya mai furfura, ta yi wa iyaye bayanin littafin. An gina shi ne kan wata shari'a da aka yi a ƙasar nan kusan shekara casa'in da suka wuce. An sace jaririn wani shahararren matuƙin jirgin sama, daga baya aka tsinci gawarsa, aka kama wani kafinta baƙo ɗan Jamus, aka yanke masa hukuncin kisa. Marubuciyar sai ta ƙirƙiro wata yarinya ta sa labarin a bakinta, wadda uwarta tana cikin mutanen gari da aka zaɓa su zauna su yanke ko ya aikata.

Yaran nan, Yaya, ba sa jin nauyin baki. Wani ɗan ƙato ya ce littafin ya cika tsawo, sai da ya yi barci a wajen bayanin katakon tsanin da aka hau aka saci jaririn. Wata ta ce ita ta tabbata kafintan ne, tunda an sami kuɗin fansa a wurinsa. Wani ɗan Indiya ya ce ba zai yiwu mutum ɗaya ya yi aikin ba, suka kama musu har malamar ta raba. Wata 'yar ƙarama ta ce ita haushinta kowa yana maganar shari'a, an manta da jaririn. Ana ta dariya, ni ma ina yi.

Akwai kujera ɗaya a jerinsu da ba kowa. Sai a lokacin na tuna ta Oumaima ce, 'yar Zabeirou, ƙawar Salwa tun suna aji uku. Wallahi Yaya, duk makonnin nan ban taɓa tambayar kaina ina yarinyar ta shiga ba.

Da aka zo kan Salwa ta miƙe, ba ta ko duba takardarta ba. Da Turanci ta yi, amma zan faɗa miki yadda na ji shi. Ta ce ita ba ta sani ba ko kafintan ya aikata, kuma a ganinta ba wanda ya damu ya sani a cikin littafin, kowa so yake a ce shi ya fara ganewa. Ta ce wurin da ya fi tsaya mata shi ne inda matar kafintan take shigowa kotu, matan gari suna matsawa don kada rigarsu ta taɓa tata. Malamar ta tambaye ta abin da ba ta so a littafin. Ta ce uwar yarinyar. Ta ce matar kirki ce, tana son 'yarta, tsoro ne ya sa ta yanke hukunci tun kafin ta ji shaida, wannan ta fahimta. Abin da ta kasa fahimta shi ne har littafin ya ƙare matar ba ta ce ta yi kuskure ba ko sau ɗaya, kullum sai dai ta ce abin da ta gani ta bi. Ta ce da farko ta ɗauka marubuciyar ce ta yi ragwanci, amma yanzu tana ganin haka manya suke.

Ba ta dube ni ba. Da ta dube ni ma da ya fi mini sauƙi.

Aka yi ta tafi. Matan Turawa suka zo suna riƙe hannuna, wai na iya tarbiyya, wai ina ta samo wannan hankali. Ni kuwa ina ta murmushi, ina ji kamar an kwance mini zane a kasuwa. Matan namu biyu da suka zo, ko sallama ba mu yi ba, kowa ta nufi motarta.

A mota na sauke mata kwandon faɗa. Na ce ba ta da kunya, ƙasar nan ta lalata ta, ni za ta tozarta a gaban bare? Ta bari na gama, sannan ta ce, “Mama, ni ban ambaci sunan kowa ba.” Na ci gaba da tuƙi har muka iso gida.

A bakinta na ji sauran. Iyaye sun janye yaransu daga motar Zabeirou, har waɗanda suka san ƙarshen maganar, wai don hankalinsu ya kwanta. Muryata ta je Charlotte, ta je Maraɗi wurin mahaifiyarsa. A makaranta yara suna kiran Oumaima 'yar ɓarawon yara. Takardunsa na zama ƙasa ba su gama fitowa ba, yanzu ko jiniya ya ji sai ya tsaya cak.

Na ɗauko littafin daga ɗakinta ina karantawa a hutun aiki. A hankali nake tafiya, Turancin na da ne. Matar nan ba muguwa ba ce, Yaya. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Kada ki gaya wa Inna. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Rahina.

Greensboro,
21 ga Disamba.

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kuna lafiya, ya sanyi, ya jikin Inna? Na ga amsarki, na gode. Kin ce kowace uwa abin da za ta yi ke nan, kin ce yaran Turai ne ba su san girman na gaba ba. Na san don ki sanyaya mini rai kika faɗa. Amma ki bar ni da kunyata, Yaya, ita kaɗai ce abin kirkin da na samu a cikin maganar nan.

Na je gidansu. Abban Salwa ya ce zai raka ni, na ce a'a, ba shi ya yi ba. Na daɗe a mota a ƙasan benen kafin na iya hawa. Zabeirou ne ya buɗe ƙofa. Ya rame. Ya amsa sallamata, ya kira ni Hajiya, ya ba ni wurin zama. Na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ce ba komai, haka Allah ya ƙaddara, idonsa a kan dardumar ɗakin. Ya sa takalmi ya fita.

Ita kuwa Ousseina ba ta ce mini “ba komai” ba. Ta kawo mini ruwa ta ajiye, ta zauna nesa. Ta tuna mini ranar sunan ƙaramin ɗanta ni na yi mata waina, ta ce ashe ina da lambarta. Ta ce 'yarta ta daina son zuwa lakwal, wato makaranta, kullum da safe ciwon ciki. Sannan ta ce, “Madam Rahina, a gaban mata ɗari kika ɗaure shi. Yanzu kin zo ɗakina a ɓoye ki kwance shi?”

Da na sauko, a nan cikin motar na yi sabon saƙon murya zuwa guruf ɗin. Na yi na goge, na yi na goge, don duk wanda na saurara sai in ji na saka “amma” a ciki. Na ƙarshen gajere ne. Na faɗi sunana. Na ce ban bincika ba na yi wa bawan Allah ƙazafi, ƙarya na yi masa ko da ban yi niyya ba, duk wadda ta tura na farkon ta ji tsoron Allah ta tura wannan. Na farkon kafin a yi la'asar ya zaga gari. Wannan kuwa mutum uku suka amsa. Hajiya Bebi ta kira ni ta ce in goge, ina tayar da abin da ya riga ya kwanta. Ban goge ba. Na turo miki shi. Kin ce kin sa wancan a guruf ɗin matan unguwarku don a yi addu'a, don Allah ki sa wannan ma.

Gida biyu sun mayar masa da yaransu. Bai isa ba. Wani ɗan'uwansa ya samo masa aiki a Ohio, sun tashi ranar Lahadin da ta wuce.

Salwa ta kwana biyu tana taya Oumaima ɗaure kaya. Ban ce mata na yi saƙon ba, amma na san ta ji, don ranar ta shigo kicin ta tsaya kusa da ni tana yanka albasa ba tare da na sa ta ba. Har yanzu ba mu yi maganar ba. Na ba ta haƙuri kan faɗan mota, ta gyaɗa kai kawai. Ƙawarta dai ta tafi, kuma ta san wanda ya jawo.

Ranar tafiyar na tashi da asuba na yi dambun shinkafa da soyayyar kaza, na cika babbar kula don su ci a hanya. Ban iya hawa benen ba, Salwa na ba ta kai. Na zauna a mota ina kallon ana loda katifu. Ousseina ta sauko ta wuce ta gabana da tukwane a hannu. Na sauke gilashi na gaishe ta. Ta amsa, ba ta tsaya ba. Na ce mata ko ta yafe mini. Ta ce, “Sai na huce tukuna,” ta ci gaba da tafiya.

Da za mu tafi Salwa ta dawo da kular. Sun juye abincin, an wanke ta tas. Sai da muka iso gida na buɗe, na ga an ƙulle 'yan dabino a leda an sa a ciki. Tukuici, Yaya. Bayan duk abin da na yi musu, matar nan ba ta yarda ta maido mini da kwano wayam ba.

Salwa ta ci nata. Nawa suna nan a kan firji, na kasa kai su baki.

Ki gaishe da Inna, ki ce ta sa mini albarka. Ki gaishe da Malam da yara duka. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ce ƙanwarki mai ƙaunarki,
Rahina.