Inna Ta Faɗi Sunanka

Garwa, unguwar Roumdé Adjia,
cikin watan azumi.

Zuwa ga Yayana Ɗanmalam, a Duwala.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka Aisatu da yara. Yaya ibada? Allah ya karɓa mana, ya ƙara maka buɗi. Mu nan zafi ya kai inda ya kai, ko randa ta kasa sanyaya ruwa. Maigidana Hamadu yana nan yana fama da kasuwar shanu, kullum zancen ɗaya ne, babu ciniki. Ƙanwarmu Maimuna ta sauka lafiya, an sami mace. Atamfar da ka aiko wa Inna ta iso, mun gode. Sai dai ban kai ta ɗinki ba, domin yanzu duk zanen da aka ɗaura mata sai ta yayyaga shi.

Yaya, jikin Inna ya wuce yadda kake zato. Ba ta san ni ba. Ni da nake yi mata wanka, nake wanke mata zani idan ta ɓata shi, baiwar Allah take ce mini, wani lokaci kuma ɓarauniya. Takan sa takalminta cikin tukunyar miya. Takan tayar da salla ta juya wa gabas baya, idan na gyara mata tsayuwa ta mare ni. Da la'asar ta yi sai ta hau dukan ƙofa tana ihu a buɗe mata ta tafi gida, alhali a ɗakin da ta tsufa take. Mun kai ta asibiti, likita ya ce ciwon mantuwa ne na tsufa, babu allura babu ƙwaya, sai haƙuri. Haƙurin kuwa har yau ban ga shagon da ake sayar da shi a Garwa ba. Na gaji, Yaya. Ina faɗa maka da babbar murya, na gaji, har nakan shiga banɗaki in yi kukana in wanke fuska in fito.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kafin azumi Inna ta faki idona ta shiga gidan maƙwabta, ta tarar da jaririnsu kwance a tabarma, ta ɗauke shi ta goya ta kama hanya. Da ƙyar aka kwance shi daga bayanta, tana kuka tana cewa nata ne. Bayan kwana kaɗan yaron ya yi zazzaɓi. Ya warke, amma magana ta riga ta fita. Yanzu a bakin famfo mata suna janye 'ya'yansu idan sun hango ni, an ce Inna mayya ce. Innarmu, da rabin matan unguwar nan a hannunta suka haihu! Kawu Mahamman ya tara mu, ya ce sunan gidansu ba zai lalace yana raye ba. Ya yanke cewa da azumi ya ƙare an yi salla, za a kai ta wajen wani mai magani a ƙauye ta wajen Tcholliré, inda ake ajiye masu taɓin hankali. Na tambayi waɗanda suka san wurin, sun ce mari ake sa musu a ƙafa, a ɗaure a jikin turke. Na durƙusa na roƙe shi, ya ce ni mace ce, tausayi ya rufe mini ido. Ya ce babban ɗanta kaɗai zai iya soke maganar, shi ma sai ya zo da ƙafarsa, don wanda ke Duwala ba ya jin abin da maƙwabta ke faɗa.

Abin da Kawu ya ƙi zuwa ya gani shi ne, akwai inda Inna take samun kanta. Wata safiya ta sake ɓacewa, muka bazu nemanta, sai aka same ta a bakin kogin Binuwai, cikin lambun wata mata mai suna Berthe. Na iso da haki, ina shirin ba da haƙuri, sai na ga Inna a tsugune tana cire ciyawa cikin albasa, ita kuwa mai lambun tana kallonta tana dariya. Ta ce tun hantsi tsohuwar take aiki, ko tsiro ɗaya na albasa ba ta tumɓuke ba, in ƙyale mata ita. Tun ranar, kullum da sanyin safiya nake kai ta. Da ƙafarta ta taɓa yashi sai kafaɗunta su sauka. Ta san rama, ta san lalo, ta san yakuwa, tana kiran kowanne da sunansa. Takan sa ƙafa cikin ruwa ta zauna tana kallon balbelu a bayan shanu. Abincin da take watsa mini a gida, a can da hannunta take ci. Ranar da muka je kogi ba ta dukan ƙofa.

A can ne ta ba ni wani labari, tana ɗaukata baƙuwa. Ta ce tana da ɗa, na fari. Ranar da aka yaye shi, uwar mijinta ta zo ta ɗauke shi zuwa ƙetaren kogi, kamar yadda ake yi. Ta ce mata sun cika gida suna kallon fuskarta su ga ko za ta yi rashin kunya, sai ta ci gaba da daka, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Da suka fita ta ɗauki ƙwarya ta ce za ta tsinko rama, ta bi su a ɓoye, ta tsaya cikin ciyawa har kwalekwalen ya ƙetare. Ta ce ta yi ta zuwa tsinkar rama a shekarar har miyarta ta ishi kowa a gidan. Sai na tambaye ta sunan yaron. Yaya, ka san tun da muka taso Inna ba ta taɓa kama sunanka ba, saboda kunyar ɗan fari. Yaron nan take cewa, ko wancan. Ko Ɗanmalam ɗin da kowa ke faɗa ba ya fita daga bakinta. Rannan ta dube ni ta ce Isa. Ta maimaita, ta juya wajen ruwa ta ƙwala shi da ƙarfi har masunta suka waiwayo. Ciwon da ya cinye mata komai ya haɗa da kunyar. Jaririn maƙwabta ma, kai ta goya.

Na san abin da kake faɗa tun muna yara, cewa Inna tamu ce, kai na Kaka ne, ba ta taɓa dubanka ido da ido ba. Na san shi ne yake riƙe da ƙafarka, ba tsadar jirgin ƙasa ba, kada ka rubuto mini wannan. Ba zan yi maka alkawarin za ta gane ka ba. Wataƙila ta gan ka da furfurarka ta ce maka bawan Allah. Amma ka zo ka tsaya gaban Kawu. Hamadu ya sami ɗaki a gidan wani ɗan'uwansa kusa da lambunan, zan koma can da ita, wahalar tawa ce, na ɗauka. Bakinka kawai nake nema. Idan salla ta wuce ba ka zo ba, za su sa ta a mota, kuma ni ba ni da ƙarfin tare mota. Don girman Allah, Yaya, kada ka bari a ɗaure ta inda babu ruwa.

Ka gaishe da Aisatu, da Hindu, da Wada ƙarami. Hamadu yana gaishe ka, Maimuna da jaririyarta ma haka, da Gwaggo Mairamu wadda ta ce in gaya maka ta zuba ido. Ban sa gaisuwar Inna ba, don ba zan ɗora mata abin da ba ta faɗa ba. Ita ba ta aiko da gaisuwa ba, kiranka take yi.

Ni ce ƙanwarka,
Safiyatu.