Dangin Lissafin Abdulbaƙi

Zinariya ƙanwata,

Ina gaisuwa. Ya Jakara, ya yara? Tun shekarar da madatsar Bagauda ta ɓalle ban ƙara kwana wajen ganuwa ba, sai da ɗana Abdulbaƙi ya kawo ni asibiti Turai. Jiki da sauƙi, abinci ne dai ba ya zama.

Kullum Abdulbaƙi yana kan lissafinsa, wai dangin polinomiyal: kowanne tsaye yake, bai jingina da wani ba, in an haɗa biyu kuma ba sa haifar bare. Na ce, "To zauna in jero maka naka dangin, a kaina kaɗai suka rage." Ya ce, "Baba, bari in gama."

Likita ya daina kallon idona. Ki sa ni a addu'a. Gobe da safe ba zan sha magani ba sai Abdulbaƙi ya zauna.

Yayanki,
Isyaku