Bindiga Mai Sakata a Hagu

Gonar Witklip,
Fabrairu.

Zuwa ga 'yata Lettie,

Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, ke da aikin tashar jiragen ruwan da ya hana ki zuwa gida. Mu nan ƙalau. Ruwa ya sauka, ciyawa ta fito a kwarin yamma, awaki sun fara murmurewa. Wayar da kika saya mini tana cikin akwati, don har gobe sai mutum ya hau kan tankin ruwa kafin ta kama, ni kuwa na wuce hawan tanki saboda hira.

Ga abin da ya sa na rubuto. In sanyi ya kama a Yuli zan hau dutse a ƙafa farautar mariri mai dogon ƙaho, kamar kowace shekara. Tsohuwar bindigar kakanki ta yi mini nauyi. Bara kafin in kai tudun farko sai na ji kamar turmi na saɓa. Ki shiga Windhoek ki samo mini irin marasa nauyin nan da kika daɗe kina yi mini talla, masu ƙotar roba. Harsashinta ya zama mai kayar da mariri, ba na harbin zomo ba. Sakatar da ake ja a ɗura harsashi kuma ta kasance a gefen hagu.

Na sayar da bijimai biyu, kada ki taɓa albashinki. Lasisin ki yi shi da sunanki, ni ba zan iya layin ofishin 'yan sanda ba.

Allah ya tsare.
Mahaifinki,
Barend Mouton

Walvis Bay,
Maris.

Pa,

Ina gaisuwa da kyau, da fatan gwiwar nan ta bar ka kana barci. Sai da na karanta wasiƙarka sau biyu, na duba sa hannun ko wani ne ya ari sunanka. Kai ne fa ka ce bindigar roba kayan wasan 'yan birni ce!

Na samo. Siririya ce, gajera, da madubin hangenta da komai ba ta kai rabin ta Kaka ba. Mai shagon ya ce in gaya maka gaskiya: duk nauyin da aka cire wa bindiga, kafaɗar mai harbi ce ke biyansa, don shurinta ya fi na mai nauyi. Bututun kuma siriri ne, in ya yi zafi harsashi yakan kauce, saboda haka harbin farko shi ne harbi. Na haɗa maka da jakar goyo mai ƙarfe a ciki don ɗaukar nama, da buhun barci da ke naɗewa kamar burodi, da ɗan murhun gas. Akwai kofin ƙarfe marar nauyi da ake dafa ruwa a ciki, don haka baƙar butar nan taka ta dafa kofi ta yi zamanta a gida. Ba amfani a rage nauyin bindiga sannan a goya tukunyar ƙarfe.

Abu ɗaya ne ban gane ba. Duk gidanmu ni kaɗai ce bahaguwa. Tun ina yarinya nake tsallaka hannu ta saman bindigar Kaka in ja sakata, kana tsaye kana cewa kamar mai sosa kunnen dama da hannun hagu. Yau kuma kai ke neman ta hagu? Ko kyauta ake shirya mini a ɓoye?

Ka gaida Anti Griet in ta leƙo.
'Yarka,
Lettie

Gonar Witklip,
Afrilu.

Lettie,

Na samu taki, na gode. Ba kyauta ba ce, kada ki fara murna. Tawa ce, kuma na san abin da na ce a sayo.

Buta za ta hau dutse. Ta riga ki fara hawa.

Ki zauna lafiya.
Pa

Rehoboth,
Afrilu.

'Yata Lettie,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki addu'a kullum. Ni ce Antinki Griet, da hannun nan nawa mai rawa, ki yi haƙuri da rubutun.

Yayana zai ce na cika surutu, to ya ce. Ranar Lahadi bayan coci na kai masa burodi da man shanu. Na miƙa masa kofi ta damansa, mutumin nan bai gani ba sai da na taɓa shi. Ya zo zuba madara, ya zuba a kan tebur. Na ce, “Barend, me ya sami idonka?” Ya ce, “Ke dai Griet, ido nawa kike so mutum ya yi amfani da shi wajen shan kofi?” Ban tashi daga kujerar ba sai da ya faɗa.

Kafin Kirsimeti yana ɗaure shingen kwarin yamma, waya ta tsinke ta make shi a idon dama. Ya wanke da ruwan gishiri ya ci gaba da aikinsa. Sai da wata ya wuce ya je asibiti shi kaɗai, likita ya ce an makara. In kin kalli idon ba za ki ga komai ba, amma ba ya gani da shi. Da idon nan yake saiti tun yana saurayi. Shi ya sa yake so ya koma kafaɗar hagu, a shekara saba'in, kamar yaron da aka sa makaranta jiya.

Na ce masa ya bar dutsen nan haka, nama ai ana sayarwa a gari. Ya kalle ni kamar na zagi mahaifinmu. Ni na gaji, ke yake jin maganarki, ko da yake ba zai taɓa yarda ba.

Ubangiji ya riƙe ki.
Antinki,
Griet

Walvis Bay,
Mayu.

Pa,

Ina gaisuwa, amma raina a ɓace yake, gara in faɗa tun a layin farko. Anti ta gaya mini. Kada ka yi mata faɗa, ni ce zan yi maka. Ido guda ya tafi, ka rubuto mini labarin awaki!

Ba zan ce kada ka hau dutse ba, na san ɓata takarda ne. Amma kai ka koya mini dokar Kaka: wanda ya raunata dabba zai bi jininta har ya same ta, in kuwa ta ɓace masa da rauni, ya rataye bindiga ke nan. Shekara nawa kana farauta ba a taɓa cewa mariri ya tafi da harsashinka a ciki ba. Ba na so a fara faɗa bana, kuma na san kai ma abin da ke hana ka barci ke nan, ba gwiwa ba.

Lasisi ya fito. Ƙarshen wata zan kawo bindigar da kaina, da na'urar auna nisa, tunda ido ɗaya ba ya gane nisa daidai. Kada ka ce kayan 'yan birni ne. Na kuma ɗauki hutu a Yuli. Tare za mu hau.

'Yarka mai jin haushinka,
Lettie

Gonar Witklip,
Yuni.

Lettie,

Bayan gaisuwa. Tun da kika koma nake fita bayan garke kowace safiya in kafa kwali. Ga yadda abin yake, ba ƙari.

Mai shagonki bai yi ƙarya ba. Abar nan ba ta da nauyin kaza amma tana shuri kamar jaki. Kafaɗata ta hagu ta yi baƙi, sannan ta yi kore, yanzu ta saba. Makon farko hannuna na dama ne ke ta zuwa neman kunamar bindiga shi kaɗai, sai in tsawata masa. Yanzu in na kwanta na ɗora ta a kan jaka, harbi uku sukan taru a wurin da tafin hannu zai rufe. Wata rana kuma ɗaya ya tafi yawonsa, ban san dalili ba. Da ta kakanki ban taɓa rashin sanin dalili ba. Idon hagun yana kawo ruwa in iska ta buso.

Dokar kakanki ban manta ba, ba sai kin tuna mini ba. Kwali ba ya jin ciwo, shi ya sa nake ɓata masa harsashi.

Na ɗora kayan duka a sikelin awaki. Ruwan sha kaɗai ya cinye rabin abin da bayana zai iya, shi kuwa ba a rage shi. Buta za ta zauna a gida. Kin ci wannan, kada ki saba.

Ki zo da safa masu kauri.
Pa

Walvis Bay,
ƙarshen Yuli.

Anti Griet,

Ina gaisuwa da fatan sanyin nan bai taɓa miki ƙafa ba. Mun sauko lafiya, mun so biyowa ta wurinki amma nama ba ya jira. Ga labarin, tunda na san Pa zai ce miki “lafiya lau” ya ja bakinsa.

Mun ɗaure jakanmu na kaya, su biyu da akalarsu, a bakin rijiyar ƙarshe muka hau a ƙafa. Pa ya ba ni mamaki a hawan, jakar ta zauna masa, bindigar a kafaɗa kamar sanda. Sai dai duwatsun da ke damansa yakan yi tuntuɓe da su, don haka na koma tafiya ta wannan gefen. Wajen shan kofi kuwa, kowace safiya sai ya ƙone leɓe da kofin nan marar nauyi, ya ce, “Wanda ya ƙera wannan bai taɓa shan abu mai zafi ba. Allah ya isa tsakanina da shi.”

Rana ta uku da hantsi muka ga wani tsohon namijin mariri shi kaɗai a tsallaken kwazazzabo, ya ba mu gefe, iska tana busowa daga wajensa. Ba a samun tsayuwar da ta fi wannan. Muka ja ciki har bakin dutse. Na auna nisa na raɗa masa. Ya ɗora bindigar a kan jaka, ya kafa ta a kafaɗar hagu, ya sa ido. Ina jin numfashinsa ya daidaita. Sai ya ɗago, ya share idon da bayan hannu, ya koma. Mariri yana nan tsaye yana kaɗa wutsiya. Anti, ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba, ba don kada ya kuskure ba, don kada ya same shi a ciki ko a cinya.

Sai na ga ya janye yatsa daga kunama. Ya turo mini bindigar a hankali ta kan dutsen.

“Karɓi.”

“Pa, saboda shi fa ka hau dutsen nan.”

“Saboda nama na hau. Ƙasa-ƙasa, daidai ƙafar gaba. Kada tozon ya ruɗe ki.”

“Ba ka ganinsa ne?”

“Ina ganinsa sarai. Ban dai tabbata ba. Bai yi mini laifin da zan gwada sa'a a jikinsa ba. Yi sauri, ba hotonsa muka zo ɗauka ba.”

Na harba. Ya zabura, ya yi 'yan taku, ya faɗi. Na ja sakata don shirin ko-ta-kwana, sai na ji ta zo hannuna da kanta, karo na farko a rayuwata ban tsallaka hannu ba. Pa ya cire hula, ya daɗe yana kallon tsallaken. Daɗi ya kama ni, tausayinsa kuma ya fi daɗin yawa.

Shi ya yi fiɗa, wuƙa ba ta neman ido biyu. Muka yi ta sauke naman a baya zuwa wurin jakai har washegari. A hanya na miƙa masa bindigar ya rataya, ya ce, “Wa ya harba? To mai harbi ke ɗauka.” Da zan taho na jingine ta a bayan ƙofarsa. Ina isa gida na buɗe bayan mota, na tarar da ita kwance a ƙarƙashin buhun barcina.

Ban san abin da zai yi baɗi ba, kuma ina tsoron tambaya. Mutumin da bai taɓa ganin sanyi ya wuce yana gida ba. Ki riƙa leƙa shi, don Allah. Rabonki na nama yana rataye a rumfarsa, in ya bushe zai kawo.

'Yarki,
Lettie

Gonar Witklip,
Agusta.

Lettie,

Bayan gaisuwa. Nama ya bushe da kyau, gishirin ya yi daidai. Na kai wa Griet nata, na ba coci nasu.

Bindigar kakanki na shafe ta da mai na rataye a saman ƙofa. Ba dabbar da ta ɓace mini, da hannuna na rataye. Waccan kuwa da sunanki take tun farko, ki riƙa goge ta, iskar teku tana cin ƙarfe.

Jiya na ɗora buta a sikelin awaki. Da ita da bindigar nauyinsu kusan ɗaya. Ki nemi hutu a Yuli. Ke ki ɗauki bindiga, ni zan ɗauki buta.

Mahaifinki,
Barend