Takalmin Barka da Arziki

Tsohon Birnin Gwari, 3 ga Mayu

Zuwa ga Uwata Juwairiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aikin asibiti, ya maigidanki da yara? Sabis ɗin waya ya sake ɗaukewa a nan, shi ya sa na ba Munzali direba wannan takarda.

Yau sati bakwai ke nan da likitocinku suka sa mini ƙarfe a kwatangwalon hagu. Na ajiye sanda ɗaya, da ɗayar nake zuwa masallaci, mutane na leƙowa kamar sun ga ango. Ɗingishin shekara goma sha biyu ya tafi, alhamdu lillahi.

To amma ga wata sabuwa. Kwana goma ke nan wani ciwo ya taso mini, ba ma a wurin aikin ba. Kwankwaso ne, da gwiwar dama, ƙafar da ba ta taɓa yi mini laifi ba. Ban faɗa wa mahaifiyarki ba, kin san ta da tashin hankali.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Fitinar 'yan bindiga ta lafa a daji, bana kowa zai koma gonarsa, ga hadari ya fara haɗowa. Shekara shida rabona da gonarmu ta bakin daji, kuma na ƙudurta ni zan jefa irin farko da hannuna. In ƙarfen nan gocewa ya yi, aka mayar da ni gadon asibiti, shukar bana ma ta wuce ni. Ki faɗa mini gaskiya, ban da lallashi irin naku na nas-nas.

Mahaifinki,
Abdulbaƙi

Kaduna, 5 ga Mayu

Baba,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ka da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Muna nan lafiya, yara na gaida kakansu.

Sau uku na karanta takardarka, sannan na kai wa likita. Ya ce a tambaye ka: akwai zazzaɓi? Wurin ɗinkin ya kumbura ko yana ruwa? Ka tsuguna, ko ka zauna a tabarma don kunyar masu dubiya? Wane lokaci ciwon ke tashi? In da zazzaɓi, ka biyo Munzali gobe-gobe. In babu, ka zo ran Litinin ta sama a ɗauki hoto. Maganar gona a ajiye ta tukuna.

Na san halinka, Baba, rabi za ka faɗa mini. Don haka na rubuta wa Inna ita ma. Ka yafe mini.

'Yarka mai biyayya,
Juwairiyya

Tsohon Birnin Gwari, 8 ga Mayu

Juwaira,

Ina gaishe ki, ke da mai gidan da jikokina. Malama Rebecca maƙwabciyarmu ce ke rubutawa, ni ke faɗa.

Wai bai faɗa mini ba! Shekara arba'in ina jin nishin mutumin nan, yau ne zai ɓoye mini? Zazzaɓi dai babu. Ɗinki ya bushe ƙarau. Tuwo malmala biyu yake tashi da shi. Tabarma kuwa duk na naɗe na kai ɗakina, kowa ya zo kujera.

Abin da na lura, a tsakar gida ba takalmi yake yawo garau kamar saurayi. Da ya fita majalisa ya dawo, sai ki gan shi dafe da ƙugu. Ni na ce baki ne. Abin ya fara ne tun ranar da abokansa suka haɗu suka kawo masa takalmin barka da arziki. Nababa baduku ne ya ɗinka, jar fata mai kyau, har da ƙarin yatsa biyun nan a ƙasan na hagu, yadda ya saba yi masa tun da ƙafar ta gajarce. Duk wanda ya gani sai ya tanka, shi kuma ba ya fita sai da shi, wai kyautar abokai ba a ajiye ta. Na turara takalmin, na yi masa tofi, shiru kake ji.

Ki samo mana magani, yarinya. Jiya na same shi yana shafa buhun iri, bai san na gan shi ba.

Mahaifiyarki,
Hassana

Kaduna, 10 ga Mayu

Baba, barka da war haka.

Da na karanta takardar Inna na yi dariya har da hawaye, likita ma da ya ji sai da ya zauna. Baba, ai a wurin aikin an daidaita maka ƙafafun! Baba Nababa da tsohon awo ya yi ɗinki. Yanzu in ka sa takalmin, hagu ce ta fi dama tsawo da yatsa biyu, shi ne kwankwaso da gwiwa ke ɗaukar wahalar. Don Allah ka cire shi yau. Hoton ran Litinin dai yana nan, sai ka zo.

A gaida Inna, ita ce likitar.

Juwairiyya

Tsohon Birnin Gwari, 22 ga Mayu

Uwata,

Gaisuwa da sa albarka. Mun iso gida lafiya. Kin dai ga hoto da idonki, ƙarfe na nan daram, ciwo kuma ya tafi.

Na kai wa Nababa takalmin ina jin nauyi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "To wa ya ce ku je ku gyara ƙafa ba ku sanar da baduku ba?" Nan take ya ɓanɓare ƙarin, majalisa ta kwashe da dariya.

Ran Alhamis aka yi ruwan shuka. Ran Asabar Munzali ya sauke mu inda hanya ta ƙare, sauran na taka da ƙafata. Kada ki yi faɗa, ban sunkuya ba. Aka sara rami, na jefa iri daga tsaye, na rufe da ƙafar hagu. Sai kuka ya zo mini, na yi abina, ban ji kunyar kowa ba.

Masara ce. In ta nuna, goyon farko naki ne.

Mahaifinki,
Abdulbaƙi