Ranar da Suka Yi wa Waƙata Kaca-kaca

Zuwa ga taubashina Ɗanjuma, a Bar Sudan ta bakin teku, ƙasar Sudan,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalin da aka ce ka tara a can. Ka ce mana aikin hajji za ka je ka dawo, ga shi har an sami mulkin kai ba ka sani ba. To, ni dai na riga ka komawa gida. Na karɓi hutu a ofishin jirgin ƙasa, na hau lori daga Zariya, sai Dutsin-Ma.

Rumfar Lawal tela tana nan inda ka bar ta, kuma har yau marubuta waƙa a can suke haɗuwa ranar kasuwa bayan la'asar. Ka san al'adarmu. Baƙo in ya rera waƙarsa, "madalla" ake ce masa, a miƙa masa goro, a raka shi bakin hanya. Ɗan gida kuwa sai an fige tasa tas. Tun a lori nake ta saƙe-saƙe, domin ban san a wane ɓangare za su sa ni ba bayan shekarun nan.

Ina yin sallama suka miƙe gaba ɗaya. Lawal, wanda muka sha cin tumun gero tare a gonakin Kutawa, ya aika maƙwabta a aro mini kujera. Isiya mai koyar da ajin manya sai "Malam Akawu" yake ce mini, yana sunkuyar da kai. Wallahi, Ɗanjuma, da ma mari suka yi mini.

Na zauna a kujerar nan kamar wanda aka kawo gaban alƙali, na rera musu waƙar da na yi a kan kewar gida. Na daɗe ina gyaran ta, ina ji da ita. Da na kai ƙarshe Lawal ya ce, "Madalla." Isiya ya ce, "Madalla, Allah shi ƙara basira." Na ga hannun Lawal ya nufi aljihun da yake ajiye goro. Idona ya cika da ƙwalla, su kuma suka ɗauka daɗin yabo ne.

Ashe Baba Sanda yana bayan keken ɗinki, ya jingina yana gyangyaɗi. Kana tuna shi, tsohon nan da yake tasowa daga Kurfi a kan jaki don kawai ya ɓata wa mutane rai. Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Kai Audu, mi kake yi a birnin? Wanga baiti na tsakiya ɗingishi shike. Kuma har yau ba ka bar cusa magana ukku inda guda ta isa ba?"

Sai Isiya ya yi gyaran murya ya ce shi ma dai ƙafiyar ƙarshe ba ta kwanta masa ba. Lawal ya zare hannu daga aljihu ya ce farkon ma aron salonka ne, kuma aron bai yi kyau ba. Na taso musu, suka taso mini. Ban san lokacin da na sauko kan tabarma ba, hula a gefe, ina rantsuwa ina buga cinya. Mai fura da ta zo wucewa ta tsaya tana tambaya ko a kira dogari.

Kafin magariba sun zubar da rabin waƙar. Na fito ina dariya ni kaɗai a hanya kamar taɓaɓɓe. Rabona da farin ciki irin wannan tun ranar da kai da bakinka ka ce waƙata ta auren Isiya ta fi dacewa da zaman makoki.

Sun tambaye ka, kowa da irin tsiyar da ya tanadar maka. Amma gaskiya ita ce, ɗan'uwana, da aka tashi sai da mutum biyu suka ɗora Baba Sanda a kan jakinsa. Sauran duk sun koyi kunya, shi kaɗai ne bai koya ba. Ka dawo tun yana da ƙarfin zagin ka.

Allah ya ja kwanansa har ka iso, ya sauƙaƙa maka hanya, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Amin.

Naka, wanda har gobe ya fi ka iya waƙa,
Audu